Shayi na uku da barcin ɗan fari

Bazara ce, irin wadda ruwan randa ma ke ɗumi tun da hantsi. A shekarar gadar da ke kan gulbi tana rufe, ba motar da ke ƙetarawa, kamiyo, manyan motocin kaya, sun yi layi har bayan gari, direbobi sun shanya tufafinsu a ƙofofin mota kamar waɗanda sunka tare. Albasa ta riƙa ruɓewa cikin buhu. Mai gidana da 'yan'uwanshi, da a da ba a ganinsu sai bayan isha'i, sunka koma zaman ƙofar gida tun safe har dare. Ni kuwa in anka ambaci shekarar nan, rashin barci nake tunawa.

Ɗana na fari lokacin ya shiga shekara ta takwas. Ba ni faɗin sunanshi, ko yanzu da nake rubutu hannuna bai yarda ba. Haka anka tashe mu: ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a nuna damuwa da shi gaban surukai. In ya faɗi kakarshi ke ɗagawa, ke uwar ki kau da kai. Farfaɗiya ta kama shi tun shina goye, bayan wani zazzaɓi mai zafi. Bai yi magana ba, sai wasu sautuka da ni da ƙanwarshi muke ganewa. Ba shi son a taɓa shi ba zato, kuma in ya ga ana zuba ruwa daga wani abu zuwa wani sai shi tsaya kallo, ko kiftawa ba shi yi. Maganin da muke amsowa a gidan likita ya rage faɗuwar. Barcinshi dama can kaɗan ne, amma a bazarar nan ya ƙare ƙaf.

Gidanmu babba ne. Akwai surukata da muke ce ma Inna, akwai wan mijina da kowa ke kira Yaya, shi da iyalinshi, sannan mu. Da zafi kowa a tsakar gida ke kwana, tabarma kusa da tabarma. Shi kuwa yaron sai kowa ya kwanta shike tashi. Shina zagaya gida, shina taka ƙafafun mutane, shina juya murfin tukunya a ƙasa shina dariya. In na riƙe shi sai ihu. Sai an kira sallar asuba jikinshi ke mutuwa, shi zube inda shike, ba shi motsi sai azahar. Ni kuwa lokacin aikina ke farawa. Na taɓa zuba gishiri a kunu. Na taɓa yin gyangyaɗi a tsaye wurin famfo har bokiti ya cika ya tumbatsa, mata suna ta dariya, ni ma na taya su don ban san abin da zan yi ba.

Ba abin da ba mu gwada ba. Inna ta amso rubutu, anka yi hayaƙi, anka yi wanka da saiwoyi. Matar Yaya ta sayo wani siro, maganin sha na kwalba, a kasuwa, ta ce shi take ba 'ya'yanta in sun yi rigima. Ranar da anka ba shi ya yi barci kamar gawa, washegari kuwa ya faɗi har ya fasa leɓe. Na zubar da sauran a bayan ɗaki ban gaya ma kowa ba.

Wata safiya ina tankaɗe, Inna ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. In ta yi haka na san akwai magana.

"Yayanku ya gaji," ta ce. "Jininshi ya hau, yara suna barci cikin aji a lekol. An yi shawara, Goggonsu ta ƙauyen Garou ta ce a kawo mata yaron. Can hili ne, shi yi ta yawonshi ba ya taka kowa."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "To, Inna."

"Ai ba yau anka fara ba. Ɗan fari dama na kakanni ne. Ke ma ba a hannun uwarki kinka tashi ba."

"Haka ne."

Me zan ce? Na san gidan Goggo. Daga ƙofarta kana hango gulbi, gonakin shinkafa kuwa har bakin danga. Yaron da ke faɗuwa ba sanarwa, kuma ba abin da shike so kamar ruwa. Na san yadda ake yi da irinsu a can, ba don mugunta ba: in za a tahi gona sai a ɗaura mishi zane a ƙafa a haɗa da turke. Kuma Goggo ba ta yarda da ƙwayar likita ba, ta sha faɗi cewa ita ke kashe mishi baki. In ya tahi, maganin zai ƙare a cikin ƙwarya ba wanda ya taɓa. Duk wannan yana bakina, amma uwa ba ta jayayya kan ɗan fari. Anka ce sai an gama kwashe albasa a samu mai rakiya.

Cikin kwanakin nan ne na je amsar magani, mai ba da maganin ya ce in dakata. Wai wasu lokotoro, wato likitoci, sun zo daga kudu, suna bincike kan barcin yara masu farfaɗiya da waɗanda ba su yi magana ba. Na ɗauka in anka ce bincike, to magani na biye.

Wadda ta gan mu budurwa ce siririya mai tabarau, tana jin yaren Dendi, da shi munka yi magana. Ta fara da gaya mani gaskiya.

"Mama, ba mu zo da magani ba. Mun zo mu gane abin da ke hana su barci ne, don a san abin da za a yi nan gaba."

"Nan gaba yaushe, lokotoro?"

Ta yi murmushin da ba na daɗi ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Tambayoyi kuwa ta yi su kamar ruwan sama. Yaushe shike kwanciya, shina minshari, numfashinshi na tsayawa, ƙafafunshi na harbi, yaushe nake ba shi magani. Ta tambaya ko shina shan kofi, ko shayi, ko lemon kwalba mai baƙi, ko shina cin goro. Na ce a'a. Ni nake ba shi abinci da hannuna, na san abin da ke shiga bakinshi. Haka na ce, kuma na yarda da abin da na ce.

Sannan ta ɗaura mishi wani abu a hannu kamar agogo, sai dai ba ya nuna lokaci. Ta ce shi ke ƙirga motsinshi dare da rana, daga nan su ga inda barcin ya ɓace. Ta ce akwai wani magani da ake gwada wa irin waɗannan yara a wasu ƙasashe, wasu yana taimakonsu, wasu a'a, amma ba a samunshi nan, kuma ba za ta ce in neme shi ba tun da ba a gama sanin yadda zai zauna da maganin farfaɗiya ba. Abin da za ta iya ba ni shawara ce. A kwantar da shi a ɗaki mai duhu, mai sanyi, inda ba hayaniya, kullum a lokaci ɗaya.

Na dube ta. Ɗakinmu na kwano ne, a bazara ko kaza ba ta yarda ta kwana ciki. Kuran, wutar lantarki, yana zuwa yana tahiya yadda ya ga dama. Bayan katangarmu direbobin da gada ta tsare suna kunna rediyo har gari ya waye. Na so in ce mata ta zo ta nuna mani inda duhu da sanyi da shiru sunka haɗu a unguwarmu, in shimfiɗa tabarmata ni ma. Amma na ce, "To, Allah shi saka."

Agogon bai yi kwana da yawa ba. Ya ciza, ya goga a bango, rannan na tsamo shi daga cikin randa. Na shanya shi a rana kan murfin kwano ina addu'a kar a ce in biya. Matar Yaya ta leƙo ta ce, "A'a, yau agogon Nasara muke ci da rana?" Na mayar mishi a hannu, ban sani ba ko yana aiki ko ya mutu.

Akwai abu ɗaya da ke ba ni numfashi a lokacin. Tun da maza sunka koma zaman ƙofar gida, da la'asar ta yi sai yaron shi fita wurinsu. Can suke fadarsu, kan benci ƙarƙashin itacen bedi, suna hira suna sauraren labarin gada. Ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ni ban taɓa zuwa wurin ba, mace ba ta tsayawa a fadar maza, ko wucewa zan yi sai in ja mayafi in bi gefen katanga. Abin da na sani kawai, can ba shi ihu. Mai gida ya ce mani, "Ki bar shi, ai wurinmu lafiya lau shike zaune kamar dattijo." Na ji daɗi har cikin raina. Yaron da ba a zuwa da shi biki, ba a zuwa da shi suna, ga shi ya samu wurin zama cikin maza. A lokacin nake samu in yi tuwo in yi wanka.

Ranar da lokotoro ta zo amsar agogonta, da yamma ta zo, bisa moto mai ƙafa biyu. Ita baƙuwa ce, kuma ma'aikaciya, sai ta tsaya a fada ta gaida su. Na ji muryar Yaya shina ce mata ta zauna ta sha shayi na farko. Da ta shigo gida fuskarta ta canza. Ta zauna bakin tabarma, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, kin ce ba shi shan shayi."

"Ba shi sha."

"Yanzu na gan shi da finjali a hannu."

Na ajiye muciya. Na aika ƙanwarshi ta kira mani ubanta. Ya shigo shina gyara hula, da ya ji maganar sai ya yi dariya.

"Haba lokotoro, na uku ne hwa. Ruwan sukari ne, ganyen ya riga ya mutu. Ko'ina na uku na yara ne, mu ma da shi munka tashi."

"Sau nawa kuke ɗora buta daga la'asar zuwa dare?" ta tambaye shi.

Ya sosa ƙeya. "To, yanzu da ba aiki, in wannan ya ƙare sai a sa sabon ganye. Me za mu yi?"

"Kuma kowane zagaye na ukun kawai shike sha?"

Sai ya ce ai yaron ba shi da haƙuri, in ya ga an ɗaga buta sama ana zubawa kumfa na tashi, sai shi miƙa hannu, in an hana shi sai kuka. Don a zauna lafiya sai a ɗan zuba mishi na farkon ma. Wanda ya san shayin fada ya san na farko, baƙi ne wuluk, mai ɗaci, direbobi ke shan shi don kar su yi gyangyaɗi a hanya.

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba. Wata da watanni ina bin yaro a tsakar gida, an sha rubutu, an sha hayaƙi, ana shirin raba ni da shi, ashe abin yana nan bayan ƙofa, inda ƙafata ba ta zuwa. Su da ke ba shi ba su taɓa kwana suna binshi ba. Ni da ke binshi ban taɓa ganin abin da suke ba shi ba. Kuma ba wanda ya ɓoye ma wani komai.

Lokotoro ba ta bar ni na yi murna ba. Ta ce, "Kar ki ɗauka shi ke nan. Irin waɗannan yara ko ba shayi barcinsu na da wuya, farfaɗiyar kanta tana taɓa barci, maganin ma yana iya taɓawa. Amma wannan aƙalla abu ne da ke hannunku." Ta ce a janye shayin, kuma kar a bar shi shi kwashe safiya shina barci, a tashe shi a fitar da shi cikin haske ko da zai yi rigima, a hankali jiki ya koyi bambanta dare da rana. Ta ce abin zai ɗauki lokaci, kuma farkonshi zai fi muni. Na tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta ce aikinsu a nan ya ƙare, gobe za su wuce, sakamakon kuwa sai an haɗa na garuruwa da yawa. Ta cire agogon daga hannunshi, ta duba, ta ce da alama ruwa ya shige shi. Har yau ban ji abin da sunka gano ba.

Washegari da la'asar na sa sakata a ƙofa, na hana shi fita. Ban taɓa ganin tashin hankali irin na ranar ba. Ya ja ƙofa, ya ja zanena, ya riƙa buga goshi a bango har na sa tafin hannuna tsakanin kanshi da bangon. Daga waje ana jin ƙarar finjali, shi ma shina ji. Har anka yi isha'i bai bar kuka ba, dare kuwa ko zama bai yi ba. Inna ta ce daga cikin gidan sauronta, "Wuri ɗaya da yaro ke samun sanyi, shi ma kin toshe." Can na ji Yaya ya tashi zaune, ya kira mai gidana. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ran kasuwa akwai mai komawa Garou da amalanke. A haɗa mishi kayanshi." Mai gida ya ce to. Ƙane ba ya musu da wa a tsakar gida.

Da gari ya waye yaron ya zube bakin rijiya, na ɗauke shi na kwantar. Ban kwanta ba. Na je bayan maɗafi inda na shuka sitronel, ciyawar nan mai ƙamshin lemu, na yanko dami guda na wanke. Na ɗauko wata 'yar buta da anka ba ni cikin kayan aure, ban taɓa ɗora ta a wuta ba. Na ja mayafi na fita ƙofar gida.

Sun dawo daga masallaci, Yaya na kan benci da tazbaha, mai gida na hura gawayi, da maƙwabta biyu. Da sunka gan ni na nufo su sai hira ta tsaya. Na durƙusa nesa kaɗan na gaida Yaya.

"Lafiya, amarya?" ya ce. Haka shike kirana tun ranar da anka kawo ni. "Ko kin zo shan na farko ne?"

Maƙwabtan sunka yi dariya. Mai gida bai yi ba, idonshi na kan gawayi.

Na ce, "Yaya, roƙo na zo yi. Kan maganar ɗana."

Ban taɓa cewa ɗana gaban kowa a gidan nan ba. Ni kaina na ji kalmar ta yi nauyi a bakina. Yaya ya daina jan tazbaha.

"Yau kuma kunyar ta tahi ina?"

"Tana nan, Yaya. Gulbi ne bai san ta ba. In ya faɗi a ruwa ba mai ji, ba shi da bakin kira. Kuma Goggo ba za ta ba shi magani ba, kai ma ka sani."

"To mu mutu da rashin kwana?"

"A'a. Ni na yi kuskure jiya da na kulle shi, zubawar shike so da zama cikinku. Ga buta, ga ganye. In kun ɗora naku a ɗora nashi gefe, a ɗaga sama a zuba mishi ya yi kumfa kamar na kowa. Da dare ni da shi za mu koma zaure, mu bar muku tsakar gida. A ba ni zuwa faɗuwar ruwa. In damina ta sauka bai canza ba, ni da kaina zan raka shi, in zauna can tare da shi."

Ɗaya daga maƙwabtan ya ɗauki ganyen ya sunsuna, ya ce, "Alhaji, wannan ai kai ya kamata a dafa mawa, da jinin nan naka."

"Rufa mani baki," in ji Yaya. Ya juya butar a hannunshi, ya buɗe murfin ya leƙa ciki. Sannan ya miƙa ma ƙanenshi. "Kai za ka riƙa dafawa, tun da kai ka fara ba shi. Ruwan farko na ce, amarya, ba na biyu ba. Ko yayyafi anka yi, na ƙirga."

Na yi godiya na tashi. Da na shiga gida Inna na zaune tana kallona, ta ji komai. Na wuce inda yaron ke kwance. Barci shike mai nauyi, baki buɗe, goshin ya kumbura, irin barcin da na kwana ina roƙon Allah shi ba shi. Na tsaya a kanshi na ɗan jima. Sannan na jiƙa tsumma na shafa mishi a fuska, na ɗaga shi zaune. Ya ture ni, ya fara kuka. Na saɓa shi a kafaɗa, ƙafafunshi na jan ƙasa don ya yi mani tsawo, na fitar da shi tsakiyar gida inda hasken rana ya riga ya sauka, na zaunar da shi kan turmi na riƙe.